Jirgi Ya Sauka Lafiya, Ina Mutanensa?

A shekarar 1958 wasu masu neman man fetur na wani kamfanin Birtaniya suna shawagi a kan hamadar Libiya, can wajen yankin Kufra, sai suka hango wani abu yana ƙyalli a ƙasa. Jirgin yaƙi ne babba, kwance a kan tsakuwa, a wurin da ko ciyawa ba ta tsirowa. Aka kai labari sansanin sojan Amurka na Wheelus da ke kusa da Tarabulus. Suka duba takardunsu, ba su ga inda aka ce wani jirginsu ya taɓa ɓata a wannan yanki ba, sai suka share zancen.

Sai a watan Fabrairun 1959 wasu ma'aikatan kamfanin su uku suka isa wurin da mota. Abin da suka tarar shi ne har yau masu sha'awar tsofaffin jiragen yaƙi ba su gaji da tattaunawa a kansa ba. Jirgin samfurin B-24 Liberator ne, mai inji huɗu, irin wanda Amurka ta ƙera sama da 18,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya karye biyu, amma ban da wannan ba abin da ya same shi, domin hamada ba ta da danshin da zai kawo tsatsa. Bindigoginsa na nan da harsasai, kuma da aka gwada daga baya suka tashi. Rediyonsa na aiki. Akwai abinci, akwai ruwa, har da fulas ɗin da abin shan da ke cikinsa bai lalace ba. A gefen hancinsa an rubuta Lady Be Good. Amma babu gawa, babu ƙashi, babu alamar jini.

Sanin mai jirgi bai yi wuya ba. Lambarsa, 41-24301, ta kai masu bincike ga wani tsohon fayil. Jirgin na runduna ta 376 ne, wadda ke zaune a filin Suluk, kudu da Binghazi. Ranar 4 ga Afrilun 1943 ya tashi cikin ayarin jirage 25 da aka tura su jefa bama-bamai a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Mutum tara ne a ciki, matuƙinsu Laftanar William Hatton, kuma wannan ce fitarsu yaƙi ta farko. Ba su dawo ba, aka rubuta cewa sun faɗa Bahar Rum, aka rufe fayil. To a nan gizo ke saƙar. Napoli tana arewa, bayan teku. Jirgin kuwa ga shi kimanin kilomita 710 kudu maso gabashin Suluk, a tsakiyar hamada. Me ya kai shi?

Sojojin Amurka da suka iso a watan Mayun 1959 sun fara da jikin jirgin. Tankunan mai a bushe suke. Farfela uku sun nuna injinansu a kashe suke lokacin da jirgin ya taɓa ƙasa, ɗaya ce kawai take juyawa. Laimomin dira kuma ba ko ɗaya. Da aka haɗa waɗannan, sai wata amsa ta fito: mai ne ya ƙare, injina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutanen suka diro, shi kuwa jirgin ya ci gaba shi kaɗai har ya kwanta da cikinsa, ba hannun kowa a sitiyari. Wanda ya san B-24 zai fi kowa mamakin wannan, don matuƙan da suka tuƙa shi sun sha ba da labarin nauyin sarrafa shi, kuma kowa na tsoron saukar gaggawa da shi, musamman a kan ruwa.

Idan sun diro, ke nan suna bayan jirgin, wato wajen arewa. Aka bazu neman sawu. Can aka ci karo da takalma an jera su suna kallon wajen arewa. Gaba kaɗan sai ga ƙyallen laima an yage shi, an shimfiɗa shi da siffar kibiya, an danne da duwatsu. Gaba kuma wata kibiyar, sai rigunan ceto irin na ruwa a yashe. Mutanen nan sun yi tafiyarsu cikin tsari, suna barin alama saboda masu nemansu, sai dai masu neman suna can suna leƙen teku. Aka bi kibiyoyin har inda tsakuwa ta ƙare tuddan rairayi suka fara. Aka kwashe watanni ba a ga kowa ba, aka haƙura.

Masu neman mai ne dai suka sake tono maganar. A watan Fabrairun 1960 suka ci karo da gawawwaki biyar wuri guda, kimanin kilomita 130 daga inda aka diro. Tare da su akwai ɗan littafin aljihu na mataimakin matuƙi, Robert Toner, wanda ya riƙa rubutu a ciki kullum har zuwa 12 ga Afrilu. Daga nan aka san sun diro ne wajen ƙarfe biyu na dare, suka nemi juna cikin duhu da harbin bindiga da wutar alama. Takwas suka haɗu, na tara bai amsa ba. Ruwan da ke hannunsu gora guda ce, ita ma ba cike ba, suna rabawa a murfinta. Da wannan suka yi tafiyar da masu binciken ba su taɓa zaton ɗan Adam zai iya ba. Da ƙafa ta gaza, biyar suka zauna, uku suka wuce gaba neman agaji.

Abin da littafin ya fi tonawa shi ne mutanen ba su san inda suke ba. Sun diro suna tsammanin ruwa za su faɗa. Da suka ji ƙasa, sai suka ɗauka bakin teku na nan kusa, shi ya sa suka nufi arewa. Jirginsu kuwa, da ruwansa da rediyonsa, yana kimanin kilomita 26 ne kacal kudu da su. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya sun san dokar nan ta kada a rabu da mota idan ta mutu, amma waɗannan ba su ma san jirgin ya tsira ba. Ban ga laifinsu a nan ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saura tambayar farko, yadda suka wuce gida da tafiyar awa biyu. Ranar da suka tashi ana guguwar ƙura, har jirage da dama suka juyo saboda rairayi ya shiga injinansu. Lady Be Good ya rabu da ayari, ya juyo shi kaɗai cikin dare. Jim kaɗan bayan sha biyun dare Hatton ya kira ta rediyo ya ce na'urarsa ta gane hanya ta daina aiki, a ba shi saiti. Tashar Benina, wadda ta amsa kiran, ta auna muryar jirgin ta ce yana kan digiri 330, wato arewa maso yamma, a kan teku. Matsalar ita ce eriyar tashar mai zobe guda ce, kuma irin wannan eriya layi kawai take nunawa, ba ta bambance gaba da baya. Tamkar a ce wa mutum yana kan hanyar Kano zuwa Zariya ne, ba a gaya masa ko ya riga ya wuce Zariyar ba. Digiri 330 da 150 layi ɗaya ne. Bayanin da masu bincike suka fi gamsuwa da shi shi ne iska ta turo jirgin daga baya, ya ƙetare teku da wuri fiye da lissafin mai duba hanya, kuma da dare shimfiɗar hamada daga sama ba ta da maraba da ruwa. Suka ci gaba da miƙewa suna jiran ganin gaɓar da tuni ta wuce a ƙarƙashinsu.

A watan Mayun 1960 aka gano biyu daga cikin ukun da suka wuce gaba, Guy Shelley da Harold Ripslinger, kowanne shi kaɗai cikin tuddan rairayi. A watan Agusta aka sami na taran, John Woravka, ba nisa da inda aka diro. Laimarsa ce ba ta buɗe sosai ba, nan take ya rasu. A 1994 hukumomin Libiya suka kwashe abin da masu ɗibar tsaraba suka rage na jirgin zuwa Tubruk, wasu sassansa kuma suna gidan tarihin sojan sama na Amurka a Dayton, jihar Ohio. Na ukun waɗanda suka wuce gaba kuwa, Vernon Moore, ɗaya daga cikin masu harba bindigogin jirgin, har yau ba a tabbatar da gawarsa ba.