Dattijo Da Motocinsa Biyu A Bakin Ritaya

A farkon damina wani dattijo Ba'amurke ya aiko mini da doguwar wasiƙa ta intanet. Shi ne shugaban makanikai a ɗakin gwajin injuna na jami'ar da na yi karatun digiri na uku a jihar Mishigan, kuma a saman benen gidansa na yi haya tsawon shekara uku. Ya ce zai ajiye aiki a ƙarshen shekara, zai sayar da gidan ya koma wani ƙarami kusa da 'yarsa. Garejin sabon gidan mota biyu kawai yake ɗauka, kuma gurbi ɗaya na motar uwargidansa ne, wadda da ita ake zuwa kasuwa da asibiti. Saura gurbi ɗaya, shi kuwa yana da motoci biyu da yake ƙauna kamar ransa. Sai ya tambaye ni wacce zai riƙe, ko kuwa ya sayar da duka biyun ya sayi sabuwa.

Da farko abin dariya ya ba ni. Mutumin da ƙasarsa ke fama da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, shi ake tambaya ya zaɓa tsakanin motoci biyu da kowacce ke shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya. Amma da na sake karanta wasiƙar, sai na ga zancen ya wuce ƙarfe da taya. Mutum ne yake lissafin abin da ya rage masa na kuɗi, na lafiya da na kwanaki.

Motocin da ake magana a kansu Amurkawa sun laƙaba musu suna da za mu iya fassarawa da "motocin ƙwanji". Asalinsu ba wani abin mamaki ba ne: a ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas da aka ƙera domin babbar mota, a cusa shi cikin matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a sayar wa matashi a farashin da albashinsa zai iya. Galibi ana ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin uwarsu. A lokacin kamfanin General Motors ya hana sassansa sanya manyan injuna a matsakaitan motoci, sai John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar, suka sayar da injin mai kusan lita shida da rabi a matsayin ƙari da mai saye zai iya nema a kan motar Tempest. An yi hasashen sayar da dubu biyar, aka sayar da fiye da dubu talatin da biyu a shekarar farko. A watan Afrilun wannan shekara Ford ya fito da Mustang, daga nan gasa ta ɓarke tsakanin kamfanonin Ditiroit. A 1970 Chevrolet ya kai ga Chevelle mai inji lita 7.4 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450, Chrysler kuma yana taƙama da injinsa na Hemi mai doki 425. Domin mai karatu ya kwatanta, injin Fijo 504 da muka taso muna gani bai wuce lita biyu ba.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora sun ga yawan haɗarin da matasa ke yi, suka ɗora wa irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, aka fara janye dalma daga fetur, injuna suka rage ƙarfi. Sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan wata, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala uku zuwa kusan goma sha biyu cikin 'yan watanni. A nan akwai abin lura gare mu. Tashin farashin da ya kashe kasuwar motocin ƙwanji a Ditiroit, shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya, ya kawo ƙarin albashin Udoji, ya sa ma'aikatan gwamnati suka yi layin sayen Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Faɗuwar wani, tashin wani.

A cikin wannan faɗuwar kasuwa ce yayan dattijon, wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin Biyetnam ba, ya sayi Chevelle SS 396 ƙirar 1970 da araha daga hannun wani da ya gaji da bin layin gidan mai. Yayan ya rasu da ƙuruciyarsa, motar ta zama gadon ƙane. Ita ce ta farko. Na san ta sosai, domin ranakun Asabar da yawa ni ke riƙe masa fitila yana kwance a ƙarƙashinta. Shi ya fara gaya mini cewa lambar 396 da ke jikinta ba gaskiya take faɗa ba, don a wannan shekarar an ɗan faɗaɗa injin ya kai 402 a ma'aunin inci, amma kamfanin ya bar tsohuwar lamba saboda ita jama'a suka sani. Ta biyun kuwa Dodge Challenger ce ta 2016 mai doki 485, wadda ya saya bayan na dawo gida. Tana da na'urar sanyaya ɗaki, da giya mai sauya kanta, da duk kayan kariya na zamani.

Amsata ta farko ta malamin jami'a ce, wato na jera masa hujjoji. Na ce ya riƙe sabuwar. A ƙarfi ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba, kuma bambancin ya fi abin da lambobi ke nunawa, domin kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne tsirara, ba salansa ba sauran kayan da ke rage masa ƙarfi a kan hanya. Doki 350 na Chevelle a ma'aunin yau bai kai haka ba. A kariya kuwa babu ma gasa. Motar 1970 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma ba a ƙera jikinta ya lanƙwashe ya shanye karo kamar yadda ake yi yanzu ba. Ƙashin ɗan shekara sittin da bakwai ba ya ɗaukar abin da na ɗan ashirin ke ɗauka. Na kuma tuna masa gwiwarsa ta hagu, wadda tun ina can yake ɗingishi da ita in sanyi ya shigo. Kulocin Chevelle mai giya huɗu ta hannu yana da tauri, taka shi a cunkoson gari aiki ne na mai ƙarfi.

Na ƙara da zancen kuɗi, wanda a ganina shi ne ya fi nauyi. Tsohuwar ce mai daraja a kasuwa, musamman da yake lambar injinta ta dace da ta gangar jikinta, abin da masu tara tsofaffin motoci ke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Sayar da ita zai ba shi abin da zai ajiye domin ranar da ba a fata. A Amurka inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, Medicare, tana farawa ne daga shekara 65, amma ba ta biyan zaman dindindin a gidan kula da tsofaffi, kuma wannan zaman yana iya cinye tarin shekara arba'in cikin 'yan shekaru. Ga kuma wani abu da masu waɗannan motoci ba sa son ji. Mafi yawan masu ɗokinsu mutanen da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 ne, waɗanda suka yi samartaka da su. Waɗannan mutane tsufa suke yi tare, kuma wata rana masu sayarwa za su fi masu saye yawa. Gaskiya ne an sayar da Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt a kan fiye da dala miliyan uku da rabi a gwanjon Janairun 2020, amma wannan farashin sunan ɗan wasan ne da tarihin fim ɗin. Ba kowace tsohuwar mota ce za ta ji ƙamshinsa ba.

Game da shawara ta uku, ta sayar da duka a sayi sabuwa, na ce masa ƙofar tana ƙunci. An daina ƙera Challenger a masana'antar Brampton ta Kanada a watan Disamban 2023, Camaro ma ta tsaya a wannan wata. Pontiac da ya fara wasan an rufe shi tun 2010. Dodge ya fito da Charger mai aiki da lantarki, har da wata na'ura da ke kwaikwayon rurin inji domin kada kunnen mai ita ya yi kewa, abin da ni dai nake gani kamar a ɗaura wa keke ƙararrawar doki. Mustang ce ta ci gaba da injinta mai silinda takwas, lita biyar, kuma a Flat Rock ake haɗa ta, cikin Mishigan ɗin. Mota ce mai kyau, amma sabuwar mota darajarta zubewa take yi daga ranar da ta bar wurin dillali, kuma mai fansho bai kamata ya zuba kuɗinsa a tulu mai yoyo ba.

Na aika, na zauna ina jin na yi aikin kirki. Amsarsa ta zo bayan mako biyu, gajera ce. Ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma 'yarsa ma haka ta ce. Sai ya ce ya duba littafin da yake rubuta tafiye-tafiyen motocin. A bara Challenger ta yi tafiya mai nisa, har Falorida suka je da uwargidan. Chevelle kuwa 'yar tafiya kaɗan ta yi, mafi yawanta a watan Agusta lokacin taron shekara-shekara na titin Woodward, inda dubban tsofaffin motoci ke jerin gwano tun 1995. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ba ta fita ko ƙofar gida, saboda gishirin da ake zubawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe. "Amma Dokta," in ji shi, "ka lissafa nisan tafiya, ba ka lissafa sa'o'i ba. Challenger ban taɓa buɗe bonet ɗinta ba sai don in zuba ruwan goge gilashi. In ta yi tari, kwamfuta ake jona mata. Chevelle kuwa kowane mako sai ta nemi hannuna."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta nuna mini ramin da ke cikin lissafina. Abin da na ɗauka aibi ne a tsohuwar mota, shi ne amfaninta ga mai ita. Kafireto yana son a daidaita shi in yanayi ya sauya. Fetur ɗin Amurka na yau yana ɗauke da kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke cinye tsofaffin robobi ya kuma jawo danshi in mota ta daɗe a ajiye, don haka kullum akwai abin dubawa. Mutumin da ya shekara arba'in yana tashi da asuba domin injuna suna jiransa, ranar da ya ajiye aiki babban abokin gabansa shi ne wunin da ba abin yi a cikinsa. Na ga haka a gida. Na san manyan malamai da suka bar aiki da ƙarfinsu, bayan shekara biyu ka gan su ka kasa gane su, alhali ba yunwa ce ta kama su ba. Mu dai muna da masallaci, da zaure, da ɗaurin aure da jana'iza da ke fitar da tsoho daga ɗaki ko yana so ko ba ya so. Tsohon Ba'amurke a unguwar bayan gari, inda maƙwabci ke wuce maƙwabci a cikin mota, sau da yawa garejinsa ne zaurensa. In ya ɗaga ƙofar garejin ya buɗe bonet, sai ka ga wani tsoho ya tsaya, wani yaro ya leƙo, hira ta kankama.

Duk da haka ban janye hujjata ta kuɗi ba, kuma na gaya masa. Akwai son zuciya a cikin riƙe dukiya mai yawa a siffar abin wasa alhali matarka tana shan magani kullum. Ƙaunar ɗan'uwan da ya rasu abu ne mai girma, amma mamaci ba ya buƙatar mota, mai rai kuwa yana iya buƙatar kuɗinta. Na kuma tambaye shi wa zai gaje ta. Ɗansa yana zaune a birnin Shikago, a bene na goma sha wani abu, ba shi da ko wurin ajiye keke, kuma bai iya tuƙa mota mai giyar hannu ba. In dattijon ya faɗi ba shiri, uwargidan ce za ta zauna da dillalai su yi mata cinikin abin da ba ta san darajarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce in har zai riƙe ta, to ya kira mai kimanta daraja ya rubuta farashinta, ya sabunta inshorar da ake yi wa tsofaffin motoci a kan ƙayyadadden farashi, ya haɗa takardunta wuri ɗaya, ya kuma rubuta wa iyalinsa sunan wanda ya amince ya sayar musu da ita.

A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce ya sa Challenger a kasuwa, kuma kuɗinta zai shiga asusun uwargidan kai tsaye. Ita ce ma ta yanke hukuncin, in ji shi. Ta ce ta gwammace ta riƙa jin ƙarar sifana daga gareji da ta gan shi zaune gaban talabijin tun safe. Amma ta kafa sharaɗi: ranar da gwiwar ta hana shi taka kuloci, ko ranar da likita ya yi maganar gidan kula da ɗayansu, motar za ta tafi ba tare da gardama ba. Ya sa hannu a takarda a gaban 'yarsu.

Game da gwiwar kuwa, ya yi odar kuloci mai aiki da matsin mai, wanda ya fi laushi a ƙafa. Ya san wannan sauyi zai sa masu tsattsauran ra'ayin asali su taɓe baki, don haka ya ce duk ƙarfen da ya cire zai shafe shi da man giris, ya naɗe, ya rubuta masa suna, ya ajiye a akwati domin wanda zai saya bayansa. Ya haɗo da hoton akwatin, da tambayar ko har yanzu ina riƙe fitila a karkace kamar dā.