Keffi: Ilimin nazarin zance da abin da ke faruwa tsakanin malami da ɗalibi

A yawancin azuzuwan firamare da ke Keffi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, darasin harshe yana tafiya ne a kan turba guda. Malami ya karanta jimla daga allo, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Yara su haɗa baki su ce, "Eh, malam." Ya jefa tambaya, yaro ɗaya ya amsa da kalma ɗaya, malam ya ce da kyau, a wuce gaba. Minti arba'in za su ƙare ba tare da wani yaro ya haɗa jimloli uku nasa na kansa ba. Irin wannan musayar ce masana harshe suka mayar da ita abin bincike, a fannin da ake kira nazarin zance.

Nazarin zance ya bambanta da nahawu. Nahawu yana tsayawa ne a kan jimla: ina aikatau, ina suna, wane lokaci aka yi amfani da shi. Shi kuwa nazarin zance yana duba abin da ya zarce jimla, wato yadda magana ke ɗinkuwa da wadda ta gabace ta, wa ke da ikon buɗe baki, wa ke jira, da kuma abin da mai magana ke nufi wanda bai furta ba. Wani masani ɗan Amurka, Zellig Harris, shi ne ya fito da sunan fannin a 1952. A 1975 kuma John Sinclair da Malcolm Coulthard na Jami'ar Birmingham da ke Ingila suka wallafa binciken da a cikinsa suka ɗauki muryoyin malamai da ɗalibai a cikin aji, suka rubuta su kalma bayan kalma, suka gano cewa darasi yakan zagaya ne a matakai uku: malami ya tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci. Ke nan cikin kowane zagaye biyu na malami ne, ɗaya na yaro.

Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. Ta samu cewa yawancin malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya. Da aka horar da su suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana a da suka fara ɗaga hannu. A Amurka aka yi wannan bincike, inda yawancin yara ke karatu da harshen da suke ji a gida. Yaron Keffi da zai saurari tambaya da Turanci, ya juya ta a ransa zuwa Hausa ko Gbagyi, ya nemo amsa, ya sake mayar da ita Turanci, ya fi su buƙatar wannan jira nesa ba kusa ba.

Keffi gari ne na harsuna da yawa. Tun kafuwarta a hannun Abdu Zanga a farkon ƙarni na 19, Hausa ce harshen kasuwa da fada, amma a aji guda za a iya samun ɗan Gwandara da ɗan Eggon da ɗan Mada da Bafulatani da ɗan Gade. Kusancin garin da Abuja, tazarar kimanin kilomita 50, ya ƙara jawo iyalai daga kudancin ƙasar, waɗanda 'ya'yansu suka fi sakewa da Turancin buroka. Garin ma ya san illar magana idan ta ratsa tsakanin harsuna biyu ta karkace: masu tarihi da dama suna ambaton rawar da tafinta ya taka a rashin fahimtar da ta kai ga Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ba ta zauna wuri guda ba. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar tare da komawa ga Turanci. Ko wace takarda aka sa wa hannu a Abuja, malamin da ke gaban yara saba'in yana sauya harshe sau da yawa a darasi guda, domin in bai yi haka ba babu mai fahimtarsa. Abin da ba a koya masa ba shi ne yaushe sauyin ke taimako, yaushe kuma yake cutarwa. Malami da yawa yakan yi bayani da Turanci, ya ajiye Hausa don tsawa da faɗa. Yaro kuwa ba ya rasa ɗaukar darasin da ke cikin wannan rabon aiki.

Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda aka kafa a zamanin gwamna Abdullahi Adamu, tana da tsangayar ilimi da sassan nazarin Turanci da harsuna, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Akwanga da ke yaye masu takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince a shiga aji da ita. A jami'o'in Nijeriya nazarin zance kwas ne da ɗaliban Turanci ke ɗauka. Matsalar ita ce sau da yawa ana karanta shi a matsayin sunayen masana da ra'ayoyinsu, a haddace, a rubuta jarrabawa, a manta. Inda ya fi amfani shi ne lokacin koyarwar gwaji. Wayar hannu ta isa kayan aiki: ɗalibin malanta ya ɗauki minti goma na darasinsa da izinin hukumar makaranta, ya zauna ya rubuta duk abin da aka faɗa, ya ƙirga tambayoyinsa, ya ware waɗanda amsarsu eh ce ko a'a, ya duba yara nawa suka yi magana, maza nawa mata nawa. Wanda ya taɓa jin muryarsa tana katse yaro a tsakiyar jimla ba ya buƙatar mai duba aiki ya gaya masa.

Malamin Hausa ma yana da rabo babba a nan, watakila ya fi na Turanci. Ɗalibi zai iya sanin cewa "sun tafi" da "suka tafi" duk shuɗaɗɗen lokaci ne, amma jimla guda ba za ta nuna masa bambancinsu ba. Sai a cikin labari ake gane cewa "suka" ce ke jan al'amura ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙananan kalmomin nan, dai da fa da kam da ma da kuwa, waɗanda ƙamus ke fama da su: "na zo dai" da "na zo fa" ba saƙo ɗaya suke isarwa ba, kuma ba a gane su sai an san abin da aka faɗa kafin su. Habaici da gugar zana da zaurance duk sun dogara ne a kan abin da mai sauraro ya riga ya sani. Yarinyar da ta iya gane habaicin da aka yi wa yayarta a gidan biki ta riga ta iya karanta manufar da ke ɓoye a bayan kalmomi, wadda ita ce fasahar da tambayoyin auna fahimta na WAEC da NECO ke nema. Aikin malami shi ne ya nuna mata cewa abu ɗaya ne.

Akwai iyaka, ba shakka. Ajin da ya cika maƙil, da manhajar da dole a gama kafin ƙarshen zango, ba sa barin sarari mai yawa ga tattaunawa, kuma amsar haɗin baki tana da nata amfanin wajen riƙe hankalin yara da yawa a lokaci guda. Haka nan tarbiyyar da ta hana yaro ja-in-ja da babba tana bin sa har cikin aji, ta yadda shirunsa kan zama ladabi, ba rashin sani ba. Malamin da aka horar yakan bambance waɗannan biyun, ya raba yara rukuni-rukuni su fara faɗa wa junansu amsar kafin a nemi ɗaya ya miƙe ya faɗa wa aji.