Iyafis Mai Tsada: Kunne Ne Alƙali, Ba Farashi Ba

Duk wanda zai fidda kusan dala dubu ko fiye don sayen iyafis, sauti yake fara tambaya. Amma sai bayan awa biyu yana kunne ake sanin gaskiyarsa.

Ɗauki Sony IER-Z1R. Sifika uku ce a kowane ɓangare, bes ɗinsa na da zurfi, kiɗa yana buɗewa kamar kana zaune a babban zaure. Matsalarsa jiki: ƙato ne, ga nauyi. Mai ƙaramin kunne zai wuni yana gyara masa zama, kuma da zarar robar bakin ta saki iska, bes ɗin da ka biya kuɗi dominsa ya gudu.

Sennheiser IE 900, wanda ya fito a 2021, sifika ɗaya tak gare shi, mai faɗin milimita 7. Ƙarami ne, har ka manta yana kunnenka. Siririn sauti yana fita tas, wani lokaci har ya yi kaifi idan ba a haɗa waƙar da kyau ba.

Shure SE846 kuwa tsohon hannu ne, tun 2013, da sifika huɗu. Yana kwanciya lamo a kunne, kuma bakin soso na toshe hayaniya sosai. Faɗin sautinsa bai kai na Sony ba, amma ga mai doguwar tafiya a mota, ko mai aiki kusa da janareto, ni shi zan ɗauka.