Saƙon imel mai sunaye biyu: Me ya sa mayar da shi ya fi aminci?

Ɗalibin da ke jiran saƙon hukumar JAMB a Shanga, da ɗan kasuwar kifi da ke dakon sanarwar banki a Yauri, abin da suke fara dubawa a imel shi ne sunan wanda ya aiko. Ƙa'idoji uku ne ke gadin wannan suna. SPF tana bincikar ko kwamfutar da ta turo saƙon tana da izinin yin hakan. DKIM tana liƙa masa hatimin da ke nuna ba a sauya shi a hanya ba. Ita kuwa DMARC, wadda aka wallafa a 2015, tana tabbatar da cewa adireshin da aka tantance ya dace da wanda mai karatu ke gani.

Cikas yana zuwa ne idan saƙo ya saɓa wa tsari. Kundin RFC 5322 na 2008 ya tanadi layi ɗaya tak na mai aikowa, amma ɗan damfara kan sa biyu: ɗaya nasa, ɗaya na banki. Sai na'urar tantancewa ta duba nasa ta amince, manhajar waya kuma ta nuna wa mai karatu na bankin. A 2020, Jianjun Chen da Vern Paxson da Jian Jiang sun bayyana hanyoyi 18 na irin wannan yaudara, bayan sun gwada kamfanonin imel 10 da manhajoji 19.

Tushen raunin tsohuwar al'ada ce. Tun farkon shekarun 1980 Jon Postel, ɗaya daga cikin magabatan intanet a Amurka, ya shawarci injiniyoyi da su tsaurara wajen aikawa, su sassauta wajen karɓa. Sassaucin ya sa kowace manhaja tana gyara gurgun saƙo bisa hasashenta, kuma a wannan saɓani ɓarawo ke samun kafa.

Shi ya sa Gmail ke mayar da saƙon da ya maimaita layin mai aikowa. Matakin yana da tsada, domin saƙon gaskiya daga tsohuwar na'ura na iya faɗawa ciki. Sai dai wanda aka mayar wa saƙo yana samun sanarwar dalili, ya gyara ya sake turowa. Wanda aka yaudara da sunan bankinsa kuwa, sau da yawa sai asusunsa ya bushe yake farga.