Malamin da Ya Girke Injin Ɗab'i Cikin Aji

Duk wanda ya yi firamare ya san makomar insha'i. Malam ya ba da kan magana, ka rubuta, ya bi da jan biro, ya sa maki, littafi ya koma jaka. Mutum ɗaya ne ya karanta, shi ma kuskure yake farauta. To, yaro ya wahalar da kansa don wa?

Wani malamin ƙauye a Faransa, Célestin Freinet, ya yi maganin wannan tun kimanin shekara ɗari da suka wuce, kuma larura ce ta kai shi. Ya samu rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Farko, a 1917. Da aka tura shi koyarwa a Bar-sur-Loup, can kudancin ƙasar, a 1920, doguwar magana gagararsa take, balle tsawa. Dole ya nemo aikin da zai riƙe yara ba da maƙogwaro ba. A 1924 ya sayo ɗan ƙaramin injin ɗab'i ya girke cikin aji.

Yaro zai rubuta abin da ransa yake so, ko abin da ya gani a hanya, ko mafarkin da ya yi jiya, ya tashi ya karanta wa 'yan ajin. Su ɗaga hannu su zaɓi labarin da ya fi kama su. A ɗora shi a allo, a taru a kansa: wannan kalma ba haka ake rubuta ta ba, nan ba mu gane wanda ya gudu ba, kai ko karen? Daga nan sai jera baƙaƙen dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye, yatsu duk tawada. Wanda ya taɓa tsinto harafi da hannunsa ya dasa shi a gurbinsa, da wuya ya sake raina aya ko waƙafi. A shafa tawada, a danna, kowa ya samu shafinsa ya kai gida.

Abin ya ƙara armashi da suka fara musayar shafuka ta gidan waya da ajin wani malami, René Daniel, a Trégunc, gaɓar teku a yankin Bretagne. Yaron kan tudu yana rubuta wa wanda bai taɓa ganin garinsu ba, tilas ya yi bayani dalla-dalla, don ba ya kusa balle ya nuna da hannu. A ganina nan asirin yake. Injin dalili ne kawai, mai karatu shi ne ya gyara rubutun.

Sai dai fitar da maganar yaro bainar jama'a ba wasa ba ne. Bayan Freinet ya koma Saint-Paul a 1928, an buga mafarkin wani ɗalibi inda ya kashe magajin gari. Masu adawa da malamin, da ma suna jin haushin siyasarsa, suka samu makami. A 1933 aka raba shi da makarantar, ya je ya buɗe tasa a Vence a 1935 tare da matarsa Élise. Ya rasu a 1966.

Yau makarantu da dama sun mayar da wannan aiki kan intanet, inda sharhi kan iso cikin minti ba mako ba. Sauri ya ƙaru, haɗari ma haka. Kada komai ya fita sai malam ya duba, kada a sa cikakken sunan yaro ko hotonsa, a kuma nemi yardar iyaye.

Malamin da ba shi da kwamfuta, bangon aji yana nan, makarantar garin gaba ma tana nan. Malam, a gwada ko na zango ɗaya ne.