Noma a ƙasar kurmi: abin da baƙo ya kamata ya sani

Ƴan uwa manoma, tafiya kurmi ba sabon abu ba ce a wurinmu. Tun zamanin fataucin goro kakanninmu suke zuwa Gwanja. Daga baya samarin Adar da Gobir da ƙasar Zabarma suka riƙa gangarawa har Kumasi, a ƙasar Gana. Yawancinsu ci-rani suke zuwa, su yi dako ko talla, idan damana ta kusa su komo gida. Amma akwai waɗanda suke shiga ƙauye su kama gona, su zauna shekara da shekaru. A kansu za mu yi magana yau, musamman masu aiki a gonakin koko, wato itacen da ake yin shokola da ƴaƴansa.

Ruwa da cima

Abu na farko da yake ba baƙo mamaki shi ne ruwan sama. A Maraɗi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da yawa ba, kuma cikin wata uku ko huɗu yake sauka. A yankin Kumasi yana kai kimanin milimita 1400. Damana biyu ce a can: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Hatsin da muka sani ba ya jin daɗin wannan laima. Abincinsu rogo ne, da doya, da gwaza, da masara, da babbar ayaba wadda ake dafawa. Hauya ba ta da aiki sosai, adda ce makamin manomi, domin ciyawa ba ta hutawa. Jaki da doki da shanunmu kuwa ba su daɗewa cikin kurmi, saboda ƙudan tsando da yake sa musu sammore.

Gonar wa za ka noma?

Nan ne babbar magana take. Mafi yawan ƙasar noma a Gana tana hannun sarakuna da dangogi. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada. Iyakarsa haya, ita ma kada ta wuce shekara 50. To, yaya talaka baƙo yake samun gona? Ta hanyoyi biyu da suka daɗe a al'adar Asante.

Ta farko sunanta abusa. Mai gona yana da itatuwan koko da suka riga suka girma. Sai ya damƙa maka su. Kai ne da sharar ciyawa, da feshi, da tsinka, da fasa ƴaƴa. Kai ne za ka rufe ƙwayar da ganyen ayaba kamar kwana shida ta tsima, sannan ka shanya ta a rana. Idan an sayar, a raba kuɗin uku: kashi ɗaya naka, biyu na mai gona. A nan ba ka da ko itace ɗaya. Ranar da ya ga dama yana iya sallamar ka.

Ta biyu sunanta abunu. A nan daji ake ba ka, ko tsohuwar gona da ta mutu. Ka sare, ka dasa koko, ka yi renonsa da guminka da aljihunka. Koko yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara ba da ƴaƴa. A cikin waɗannan shekaru, ayaba da gwaza da rogon da ka dasa don su yi wa ƙananan itatuwa inuwa su ne abincinka. Idan gona ta kama, a raba biyu tsakaninka da mai ƙasa.

Abunu ta fi riba, ta kuma fi haɗari. Ga dalili. A al'adar Asante gado yana bin wajen uwa. Idan mai gona ya rasu, ɗan ƴar uwarsa mace yana iya zama magaji, ko da yake wata doka ta 1985 ta ba mata da ƴaƴa nasu rabo. Wannan magaji wataƙila bai taɓa ganin ka ba. Bai ji alkawarin da kuka yi da kawunsa ba. Shi dai ya tarar da baƙo cikin gonar danginsa, ga itatuwa sun fara kawo kuɗi. Shari'u da yawa daga nan suke tasowa, kuma wanda ba shi da shaida shi ne yake faɗuwa.

Saboda haka kada ka sare ko reshe ɗaya sai an yi magana a gaban sarkin ƙauye da dattawan dangin mai gona. Kai ma ka zo da naka shaidu. A zagaya iyaka da ƙafa. A rubuta takarda: me za a raba, itatuwa ko amfani? Yaushe za a raba? Wa zai sayi maganin feshi da taki? Idan ɗayanku ya rasu, me ƴaƴansa za su samu? Takarda da turanci za a rubuta ta. Nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka ita tun daga farko har ƙarshe kafin ka dangwala hannu. Mai jin kunyar tambaya a wannan rana, a ganinmu, shi ya cuci kansa.

Zama da mutane

A birane akwai zango, unguwar baƙi, inda ake jin Hausa, ga masallaci, ga sarkin zango. Ka fara sauka nan ka gabatar da kanka. Amma a ƙauyen gona Tuwi ake yi, harshen Asante. Koyi gaisuwa da ƙidaya tun watan farko. Akwai ranakun da al'adarsu ta hana shiga gona, a wurare da yawa Alhamis ce. Ba a ce ka bi addinin kowa ba, amma kada a gan ka da adda a ranar. Idan an yi rasuwa je ka gaisuwa, ka ba da abin da ya sawwaƙa, domin suna riƙe wannan ƙwarai. Ka kuma sani kuɗin koko ba kullum yake zuwa ba. Babbar kaka tana kamawa wajen Oktoba. Wanda ya ci bashi a kanta tun watan Mayu, hannu wofi zai fita.

Takardu

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Dubban mutane, har da ƴan Nijar, suka bar gonaki da dukiya. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Don haka je ka wurin hukuma ka tambayi takardun da ake buƙata kafin ka tashi. Wanda zai daɗe kuma ya nemi takardar zama a can.

Lafiyar jiki

A kurmi sauro ba shi da rani. Masassararsa tana kama mutum a kowane wata, ta fi tsanani ga yara da mata masu ciki. Tafi da sange mai magani, ku kwana ciki kullum. Yi allurar rigakafin shawara tun a gida, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ka adana katinta domin ana tambayar sa a kan iyaka. Sa takalmin roba mai tsawo saboda macizai. Wajen feshi rufe hanci da baki, ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci, kuma kada a zuba ruwan sha a galan ɗin magani. Idan ka ga jini cikin fitsari bayan wanka a rafi, ko wani ƙurji marar zafi ya fara zama gyambo, je gidan likita tun yana ƙarami.