Rawayar Ganye a Fulawa Mai Yaɗo: Alamarta da Illarta

Duk wanda ya ratsa unguwar Zariya ta birnin Maraɗi a shekarun nan, ya kuwa sami iznin shiga gidajen siminti masu baranda, zai tarar da wata al'ada wadda kakanninmu ba su sani ba, wato ajiye shuka a tukunya don ido ya huta kawai, ba tare da an sa ran ci ko magani daga gare ta ba. A cikin irin waɗannan shuke-shuke kuwa, da wuya a sami wadda ta kai wata fulawa mai yaɗo karɓuwa, mai faffaɗan ganye mai tsini a baki, wadda masu sayarwa ke kira potos, masana kuma suka ba ta suna Epipremnum aureum. Asalinta tsibirin Moorea ne a tekun Pasifik, inda take hawan itatuwa a inuwar kurmi cikin laima, saiwarta tana ratsa ruɓaɓɓen ganye mai shan iska. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya riga ya fahimci rabin abin da ke damunta a ƙasarmu.

Kukan da masu ita suka fi yi shi ne ganyenta yana rawaya, kuma galibinsu da sun ga haka sai su ƙara mata ruwa, in bai yi ba su zuba taki, alhali ba su tsaya sun yi tahƙiƙi ba. Malaman ɗibbu tun da can sun rarrabe tsakanin alama da illa, domin zazzaɓi guda yana iya fitowa daga cututtuka da yawa, kuma malaman noma ma sun bi wannan tafarki, har Ibnul Awwami, mutumin Ishbiliya ta Andalus a ƙarni na 12, ya keɓe wa cututtukan itatuwa da magungunansu wuri a littafinsa Kitabul Filaha. Rawaya alama ce. Koren da ke cikin ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware suka raɗa masa suna a 1817, da shi ne shuka take sarrafa hasken rana ya zama abinci. Idan ya rushe, ko aka kasa ƙera shi, sai launin rawaya da ke ɓoye ƙarƙashinsa ya bayyana. Dalilan rushewarsa sun fi biyar, wasunsu ma kishiyoyin juna ne.

Da farko a fitar da abin da ba cuta ba. Zanen rawaya mai ƙyalli da ke jikin ganyen potos halittarsa ce, kuma idan tsohon ganye ɗaya na gindin yaɗo ya yi rawaya ya faɗi, saura suna nan shar, to ajalinsa ne ya zo, babu abin yi.

Illar da ta fi kowace yawa, a ganina, ita ce israfi wajen ban ruwa, kuma tana fitowa ne daga ƙauna, shi ya sa take da wuyar hanawa. Saiwa tana numfashi, tana samun iskarta daga ƴan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, saboda haka idan ruwa ya cika kafofin nan ya kwana ya wuni, sai saiwar ta shaƙe, ta mutu, ruɓa ta shige ta, shukar kuma ta kasa shan ruwan da take tsaye a cikinsa, har ganyenta ya langaɓe kamar mai ƙishi, mai gida ya gani ya sake ɗauko buta. Abubuwa biyu ne suke ƙara tsananta wannan a Maraɗi. Na farko, tun da ambaliyar 1945 ta tilasta wa garin tashi daga kwari ya hau tudu, ƙasar yawancin unguwanni yashi ce, don haka mutane sukan raina ta, su aika a ɗebo musu baƙar laka daga fadamar Gulbi, suna ƙiyasin cewa abin da ya yi wa lambu kyau zai yi wa tukunya. Laka kuwa a fili tana da inda za ta tsiyaye, amma a tukunya sai ta dunƙule ta riƙe ruwa. Na biyu shi ne mazubin kansa, wanda sau da yawa yankakkiyar jarka ce ko gwangwanin madara da ba a huda gindinsu ba. Tukunyar ƙasa ta magina ta fi su nesa ba kusa ba, domin tana gumi ta jikinta, muddin dai an huda ta.

Hujjar wannan illa ba ta da wuyar samu. A soka ɗan yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ya fito da danshi, ba a bukatar ruwa ranar, ko da sama ta bushe. In ana son yaƙini, a kife tukunyar a tafin hannu, a zare shukar da ƙasarta: saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙwari, wadda ta ruɓe kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana warin kwata, in aka ja ta da yatsu biyu sai ɓawon ya saɓule ya bar zare. Manoman garin Jiratawa, masu ban ruwan zogale da rijiyoyin burtsatse, sun san cewa ruwan bazara daban, na damina daban. Amma a cikin gida sai ka ga an yanka wa fulawa ƙa'ida guda ta kullum safiya, daga zafin Afrilu har sanyin Janairu, lokacin da girmanta ya ragu ba ta shan ko rabin abin da ta saba.

Ƙishi na gaskiya yana da tasa bayyinar, domin ƙasa takan janye daga bakin tukunya, tukunyar ta yi sakayau, ganye ya naɗe, gefensa ya bushe ƙayau, kuma da an shayar da ita sosai sai ta miƙe kafin gari ya waye. Rana ma tana ƙona ta, musamman ta yamma a bazara idan zafi ya haura digiri 40, sai ganyen da ke fuskantar taga ya koɗe ya yi tabo, na baya yana nan kore.

Yunwa ta fi bukatar basira, kuma mabuɗinta shi ne a duba wane ganye ne ya fara. Sinadarin naitirojin yana ƙaura a jikin shuka, don haka idan ya yi ƙaranci takan kwashe shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, sai rawayar ta taso daga gindi, ta game ganyen baki ɗaya. Sinadarin ƙarfe ba ya ƙaura, saboda haka rashinsa a sabon toho yake bayyana, ganye ya yi fari-fari jijiyoyinsa suna kore. Wani Bafaranshe, Eusèbe Gris, shi ya nuna wajen 1843 cewa gishirin ƙarfe yana mayar wa irin wannan ganye korensa. Sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasar, toka ko ruwan wanki da ake zubawa ne suka ɗaure shi, saiwa ta kasa ɗauka. Shi kuwa ruwa, mutanen garin Tibiri, waɗanda suka ga abin da yawan sinadarin fulorayid ya yi wa haƙora da ƙasusuwan ƴaƴansu, ba sa bukatar a gaya musu cewa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. Farin ɓawon da ke taruwa a bakin tukunya gishiri ne na ruwa da na taki, maganinsa a kwarara ruwan sama har ya fita ta gindi. Yuriya, mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, takin gona ce. Cokali guda a ƙaramar tukunya yana iya ƙona saiwa, ɗan ruɓaɓɓen takin dabba da damina ya wadatar.

Da hunturu a riƙa juya ganye ana duba bayansa, domin busasshiyar iska da ƙura suna kawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa siririyar yana, su bar ɗige-ɗigen rawaya, da wasu farare masu kama da auduga a hammatar ganye. A goge su da jiƙaƙƙen tsumma, a fesa ruwan dakakkun ƴaƴan bedi da ɗan sabulu da maraice, a maimaita bayan mako.

Idan ruɓa ta tabbata, a yanke duk saiwar da ta mutu da wuƙa mai tsabta, a zubar da tsohuwar ƙasa, a haɗa sabuwa da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki da dakakken gawayi, a dasa a hudajjiyar tukunya wadda ba ta fi saiwar girma da yawa ba, sa'an nan a dakata da taki har sabon toho ya fito. Ganyen da ya riga ya yi rawaya gaba ɗaya ba ya komawa kore, a cire shi, a kuma nisanta shi daga yara da awaki, domin ruwan jikinsa yana ƙaiƙayi da kumbura baki. In kuwa saiwar ta ƙare ƙaf, a yanko yaɗo mai lafiya mai gaɓa biyu ko uku, a tsoma gaɓar ƙasa cikin kwalbar ruwa a wuri mai haske marar rana, ana sauya ruwan duk mako, cikin mako biyu zuwa huɗu fararen saiwoyi za su fito, idan sun kai tsawon ɗan yatsa a mai da ita ƙasa.